Idan tumaki suka fara ɓari bayan ambaliya

Tsofaffin makiyaya suna auna kowace masifa da farin 1973 da na 1984, lokacin da garkuna suka ƙare, rugage suka watse, jama'a suka kwararo birane. Ni kuwa, a aikina na kula da lafiyar bisashe, yanzu ruwa mai yawa yana ba ni tsoro kamar fari. Canjin yanayi ya sauya halin damina: ta yi jinkiri, sannan ta juye ruwan wata guda cikin 'yan kwanaki. A 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe.

Abin da ke biyo bayan ruwan shi ne damuwata. Akwai sauron da ƙwansa ke kwance cikin busasshiyar ƙasar fadama shekaru, ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Rift Valley. Da ruwa ya kwanta, sai ya ƙyanƙyashe. Alamar farko ita ce tumaki da awaki su yi ta ɓari a lokaci guda, 'yan raguna su yi ta mutuwa. Mutum kuma yana kamuwa ta jinin yanka, ta taɓa ɗan ɓarin, ko ta madarar da ba a tafasa ba. Haka aka yi a Cintabaradan, jihar Tawa, a 2016, aka rasa rayuka da dama, yawancinsu makiyaya.

Cutar ba ta san iyaka ba. A 2000 ta ɓulla a Saudiyya da Yaman, karon farko a wajen Afirka, kuma ana danganta hakan da safarar dabbobi.

Abin da ke tare ta tun tana ƙarama shi ne makiyayi ya kawo labari da wuri. To amma wanda fari ya cinye masa rabin garke, rashin tsaro ya toshe masa burtali, ba labari zai kawo ba, kasuwa zai kai akuyar kafin ta faɗi. Ban ga laifinsa ba. Inda mu ma ba mu iya shiga da allurar rigakafi, sai gawar mutum ce ke sanar da hukuma.

Shi ya sa a kowace rijiya nake roƙo: in ɓari ya yi yawa a mako guda, a kira mu, a binne ɗan ɓarin da zurfi ba tare da an taɓa shi da hannu tsirara ba, a tafasa madara.