An ci Bak, sai ina? Abin da ya kamata ɗalibi ya sani kafin ya kai dosiye makarantar sana'a

Da zarar sakamakon Bak ya fito, kwana biyu ake yi ana guɗa da barka, a na uku kuma tambaya ta taso: to, yanzu sai ina? Yawancin iyaye a Nijar amsa ɗaya gare su, wato jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Amma duk wanda ya leƙa ɗakunan karatun shekarar farko a can ya san irin cunkoson da ake sha. Wannan ya sa matasa da dama suka fara juyawa wajen makarantun koyon sana'a da fasaha, inda shekara biyu ko uku ke isa mutum ya fito da abin yi a hannunsa.

Na gwamnati dai sanannu ne. Akwai cibiyoyin IUT na Maraɗi da Tawa da Damagaram, waɗanda suka riga jami'o'in garuruwan kafuwa, daga baya aka haɗe su ƙarƙashinsu a 2010. Ta Maraɗi ta yi suna a fannin gine-gine, lantarki da kanikanci. Ta Tawa ta fi karkata ga lissafin kuɗi da tafiyar da kamfanoni, ta Damagaram kuma tana koyar da tsara birane da harkar sufuri. Shekara biyu ake yi a samu DUT, mai son ƙari ya yi ta uku ya samu lisans ta sana'a. A Yamai akwai EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu, ga kuma ENSP mai horar da ma'aikatan lafiya.

Sai dai ba kowace Bak ke buɗe kowace ƙofa ba. Mai Bak A da wuya a karɓe shi sashen lantarki, nan wurin masu C, D, E ko F ne. Mai G kuwa hanyarsa ta lissafin kuɗi ce da sakatariya. Kuma wurare ƙayyadaddu ne: wasu makarantun da kwankur ake shiga, wasu kuma makin da ka samu suke dubawa, musamman a lissafi da kimiyya.

Maganar takardu ita ke kayar da mutane da yawa. Takardar haihuwa, ta shaidar zama ɗan ƙasa, shaidar cin Bak da takardar maki, duk sai an kai kwafinsu meri ko komisariya an buga hatimi. Inda aka nemi kaziye, wato takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure ka ba, a tuna wata uku kawai take aiki. Ɗan ƙauyen da sunansa ya bambanta tsakanin takardar haihuwa da ta Bak, ko da harafi ɗaya ne, ya gyara tun yanzu. Gyaran kotu ba ya ƙarewa a yini ɗaya, ranar rufe karɓar dosiye kuwa ba ta jiran kowa. Neman tallafin karatu a hukumar ANAB shi ma dosiyensa daban ne.

Inda ya fi buƙatar buɗe ido shi ne makarantu masu zaman kansu. Da damina ta kama, rediyo da bangon gari duk tallansu ne, kowace tana cewa ita ce gaba. Akwai nagari a ciki, babu shakka. Amma kafin uba ya sayar da rago ko buhun gero ya biya kuɗin rijista, ya yi tambaya uku. Shin makarantar na da izinin ma'aikatar da ke kula da ita, kuma a wannan fannin da yaron zai karanta? Shin tana kai ɗalibanta jarabawar BTS ta ƙasa, ko takardar gida kawai take bayarwa? Bambancin babba ne, domin ranar da gwamnati ta buɗe kwankur na ɗaukar ma'aikata, takardar da ba ta amince da ita ba ko dubawa ba a yi.

Ta ukun ita ce a ce a nuna maka ɗakin gwaji. Makarantar da ke koyar da lantarki da alli da allo kaɗai, ko kwamfuta biyar ga aji guda, ɓata wa yaro shekaru za ta yi. A kuma tambayi inda ɗaliban bara suka yi sitaj, in da hali a nemi ɗaya daga cikinsu a ji daga bakinsa.