Tiyatar da ake yi wa tsohuwar Sega don muryarta ta dawo

DUK matashin da ya taɓa zaman benci a gidan gem, a Safana ne ko Batsari ko Dutsin-ma, yana jiran layi ya zo kansa ya buga Mortal Kombat, ba zai manta da ƙarar Sega ba. Sai dai fa da yawa ba su taɓa jin ainihin kiɗan ba. Ta 'yar lasifikar talabijin suka ji shi, ga janareto na ruri a gefe.

Sega Mega Drive ta fito a Japan a 1988. A cikinta akwai wata 'yar ƙwaƙwalwar sauti mai suna YM2612, mai fitar da murya shida a lokaci guda, ƙirar Yamaha. Ƙwarai, kamfanin nan da ya ƙera fiyanon da aka riƙa kaɗa waƙoƙin finafinan Hausa da shi a Kano a zamanin 'Sangaya'. Amma aikinsu daban: fiyanon naɗaɗɗen sautin kayan kiɗa yake sakowa, ita kuwa Sega da lissafi take haɗa nata. Dominta Yuzo Koshiro ya tsara kiɗan Streets of Rage a 1991, kiɗan da ko a fim aka sa shi ba zai ba da kunya ba.

To ina matsalar take? Samfurin farko ta baya layi ɗaya yake fitar da sauti; sitiriyo sai ta ramin iyafis na gaba. Mai irin wannan ya huta, waya kawai zai ja daga nan zuwa rediyo. Samfuri na biyu, na 1993, shi ne ɗan rigima: an cire ramin, kuma wasu daga cikinsu muryarsu a shaƙe take, kamar kaset ɗin da aka kwafa sau goma. Laifin na amfilifayar ciki ne. Masu gyara a Amurka da Turai sukan kewaye ta, su dasa wani ɗan allo, Mega Amp ko Triple Bypass, sannan su canza kafasitocin da suka haura shekara 30 suna aiki.

Wani abin takaicin kuma, samfurin Turai, wanda ya dace da talabijin ɗinmu, a 50Hz yake gudu maimakon 60Hz, don haka kiɗan Sonic na farko jan ƙafa yake da kusan kashi 17 cikin ɗari. Ana gyara wannan da ɗan makunni.

Mai gyaran rediyon da hannunsa ya faɗa a kan dalma zai iya duk wannan, amma a fara buɗe na'urar a duba. Jabu sun yi yawa a kasuwa, kuma galibinsu ba allon Sega ne a ciki ba. Ta ainihin kuwa, zafin ƙarfen dalma ya yi yawa layin allon ya ɗago, sai a koma neman wata a wajen 'yan gwanjo.