Daga Dinarin Rumawa Zuwa Zinariyar Hausa

A watan Afrilu na shekarar 2010 aka gano wata tukunyar ƙasa binne a gona kusa da garin Frome na ƙasar Ingila, cike da tsabar kuɗin Rumawa guda 52,503. An buga su ne a ƙarni na 3 zuwa farkon na 4 Miladiyya. Mafi yawansu na tagulla ne, amma akwai biyar na azurfa, irin waɗanda Rumawa ke kira denarius. Mai nazarin harshe ba sai ya yi haƙa ba kafin ya sami irin wannan taska, domin sunan kuɗin yana nan da rai a bakin Bahaushen Madawa da Buza da Keita.

Rumawa sun fara buga denarius wajajen shekara ta 211 kafin Miladiyya. Asalin ma'anarsa "mai goma", domin yana daidai da ƙananan kuɗi goma. Ta hanyar Girkanci kalmar ta isa Larabci, ta zama dinar, sai dai a can ta koma sunan kuɗin zinari, irin wanda Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 Hijiriyya.

Hausa ta karɓi kalmar da siga biyu. Ta farko ita ce dinari, wadda malamai suka adana yadda take, suna ambaton dinari ashirin a nisabin zakka da rubu'in dinari a mafi ƙarancin sadaki. Ta biyu ita ce zinariya: sautin d ya koma z, aka ƙara ɗafa-ƙeyar tamata, ma'ana kuma ta faɗaɗa daga sunan kuɗi zuwa sunan ƙarfen kansa. Ashe kalmar da ta faro da azurfa a Rum ta ƙare da zinari a Hausa.

Ba ita kaɗai ba ce. A kasuwannin yankin, dala tana nufin sefa biyar, alhali asalinta babbar azurfar Turai ce, irin ta Mariya Tereza mai ɗauke da shekarar 1780. Jikka kuwa, wadda da buhun wuri ce, yanzu sefa dubu ce.

Kuɗi kan daina ci, sunansa ya ci gaba da yawo. Sai dai ƙasa tana adana tsaba shekara dubu, kalma kuwa tana tafiya da dattijon ƙarshe da ya san ta. Tattara kalmomin kuɗi da awo daga bakin tsofaffin 'yan kasuwa aiki ne da ke jiran ɗaliban harshe.