Adireshin Intanet Ya Yi Wuya: Abin Koyi Daga Magudanan Kadawa

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano da rani, ya wuce Kura ya doshi Kadawa, ya ga abin da ruwa kan yi in an yi masa tsari. Ruwan nan daga madatsar Tiga ya ke, wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ba a haƙa wa kowane manomi tasa hanya daga Tiga ba. Babbar magudana ce ta ɗauko shi, sa'an nan a ke buɗe masa ƙofofi yana shiga ƙanana, har ya kai gonakin alkama da tumatir na ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Manoman wurin kuwa sun sani sarai, kadan na bakin ƙofa ya yi almubazzaranci, na can ƙarshe busasshen rami zai tarar.

Mun kawo wannan ne domin akwai wani abu da ya yi wuya kamar ruwan rani, wanda akawuna da malaman makaranta ke aiki da shi kullum ba su sani ba, watau adireshin intanet. Kowace na'ura da ke son a aiko mata da saƙo daga waje sai ta sami lamba tata, kamar akwatin gidan waya. Tsarin da a ke kira IPv4 yana da lambobi 4,294,967,296, ba ƙari. Da aka fara rabo an ga kamar ba su ƙarewa, aka yi ta kyauta. Jami'ar MIT ta Amurka ita kaɗai ta sami fiye da miliyan 16, haka kamfanin motoci na Ford. Su ne na bakin ƙofa. Ran 3 ga Fabrairu, 2011, babbar ma'ajiya ta duniya ta raba kashi biyar da suka rage mata, ta kakkaɓe hannu. Hukumar da ke raba wa Afirka, AFRINIC, wadda ke tsibirin Morishas, ta sami ɗaya. A Janairun 2020 ta shiga matakin tsimi na ƙarshe, inda ba a ba mai nema fiye da 1,024 a karo guda.

To, yau ma'aikatu da kwalejoji sun shiga ajiye takardunsu, da sunayen ɗalibai, da lissafin albashi, a rumbun kwamfutoci da Turawa ke kira gajimare. Wasu su kan gina nasu, wasu su kan yi hayar keɓaɓɓen sashe a na wani kamfani. A nan ne a ke ɓarna. Sau da yawa mai haɗa aikin, don neman sauƙi, sai ya ba kowace na'ura adireshin waje, har wadda ba ruwanta da kowa sai 'yan'uwanta na cikin ɗaki. Wannan daidai ya ke da a haƙa wa kowane komi magudana tun daga Tiga.

Dabarar kuwa ba sabuwa ba ce. Tun 1994 aka keɓe waɗansu lambobi na cikin gida, waɗanda kowa ke iya amfani da su ba da izinin kowa ba, domin ba su fita waje. Su ne masu farawa da 10, da 192.168, da 172.16 zuwa 172.31. Na 10 kaɗai sun kai 16,777,216. Sai a ba dukan na'urorin ciki irin waɗannan, a tsai da guda ɗaya a bakin ƙofa mai adireshin waje. In ta ciki za ta aika da saƙo, mai ƙofa ya sa masa adireshinsa, ya rubuta wanda ya aiko. In amsa ta zo, ya duba littafi ya miƙa wa mai ita. Masana suna kiran wannan NAT. Mai sana'ar cirar kuɗi a kasuwar Kura, da ya ke aiki da layin wayar salula, galibi ta irin wannan ƙofa ya ke fita tare da mutane masu yawa, bai kuwa taɓa jin ya rasa kome ba.

Mu da ke koyar da lissafi, bari mu yi shi da alli. Daga 1 ga Fabrairu, 2024, kamfanin Amazon ya fara karɓar rabin santi a kowace sa'a a kan kowane adireshin waje, ko ana aiki da shi ko yana kwance. A shekara ya kama dala 43.80. Kwaleji mai na'ura 40, kowace da nata, za ta biya dala 1,752. Kadan biyu ta riƙe, dala 87.60. Gaskiya ne ita ma ƙofar ana biyan kuɗin hayarta, saboda haka akawu ya sa wannan a lissafi kafin ya yi murna. Amma akwai ribar da ta fi kuɗi: rumbun da ke riƙe da sakamakon jarrabawa, in ba shi da adireshin waje, ɓarawo daga nesa ba ya ƙwanƙwasa masa kai tsaye. Shafukan da jama'a ke shiga ma, ko goma ne, ana iya jera su bayan adireshi guda, mai ƙofa ya rarrabe su da sunayensu.

Kada a ce mun ɓoye aibi. Ƙofa ɗaya in ta toshe, kamar yadda kacala kan toshe magudana, gida duka ya tsaya, don haka biyu sun fi. Kuma in wani na ciki ya yi ta'asa, na waje adireshin ƙofa kaɗai zai gani, sai fa in an adana littafin shige da fice. Akwai kuma wani kuskure da a ke yawan yi: ofisoshi biyu kowa ya ɗauki 192.168.1 don shi ya tarar a na'ura, ran da aka zo haɗa su sai lambobi su yi karo, a koma sake aiki daga farko. Da tun farko an zauna an yanka wa kowane sashe rabonsa a takarda, kamar yadda a ke tsara ranar ban ruwa, da an huta.

Magani na dindindin shi ne sabon tsari, IPv6, wanda aka bayyana tun 1995, lambobinsa kuwa sun fi gaban ƙirga. Sai dai tsohon da sabon ba su jin harshen juna sai da tafinta, shi ya sa har yanzu a ke tafiya da su biyu.

Shawararmu ga shugabannin makarantu da ma'aji: in ɗan kwangila ya kawo takardar aiki, a tambaye shi adireshin waje nawa ya sa, kowanne kuma na wace na'ura ne, don me. A tambaye shi ko kayan da zai kawo suna aiki da IPv6. In zango ya ƙare kuma, a bi jerin ɗaya bayan ɗaya, wanda aka ga na'urarsa ta daina aiki a mai da shi.