Kalmar majinyaci da zaton likita: koyar da dabarun tunani don rage kuskuren gano cuta

1. Gabatarwa

A wannan takarda za mu duba wata tambaya ta koyar da aikin likita wadda harshe yake da hannu a cikinta: shin ana iya koya wa ɗalibi hanyar tunani da za ta rage masa kuskure wajen gano cuta? Za mu fara da abin da bincike ya nuna, sa'an nan mu dawo kan Hausar majinyaci.

2. Inda kuskure yake fitowa

A 2005 Graber da abokan aikinsa suka nazarci kurakurai 100 na gano cuta a Amurka, suka tarar da matsalar tunani a cikin 74. Wadda ta fi yawa ita ce rufe bincike da wuri, wato likita ya daina neman wani dalili da zarar ya samu zaton farko. Akwai kuma rinjayen sabo, wanda Tversky da Kahneman suka bayyana a 1974: abin da ya fi saurin faɗo wa mutum a rai shi yake ɗauka ya fi yiwuwa. Likitan da ya yini yana ganin zazzaɓin cizon sauro a watan Satumba, yaro na arba'in ma shi zai zata masa.

3. Hanyoyi biyu na koyarwa

Hanya ta farko ita ce wadda Croskerry ya ba da shawararta a 2003: a koya wa ɗalibi sunayen tarkunan tunani, domin ya tsawata wa kansa in ya ga zai faɗa. Da Sherbino da abokansa suka gwada ta kan ɗalibai a Kanada, sakamakon da suka buga a 2014 bai nuna bambanci ba tsakanin waɗanda aka koya wa da waɗanda ba a koya wa ba.

Ta biyu ita ce sake tunani bisa tsari, wadda Mamede da Schmidt suka gwada a Holan a 2010. Likita ya rubuta zatonsa, ya jera alamun da suka goyi bayansa, da waɗanda suka saɓa masa, da waɗanda ya kamata a gani amma babu su. Sa'an nan ya maimaita haka ga kowace cuta mai kama da ita. Wannan ta gyara wasu kurakuran da sabo ya jawo. A ganinmu dalili shi ne: ta farko gargaɗi ce kawai, ta biyu kuwa tana tilasta wa mutum ya fiddo iliminsa ya auna shi da majinyacin da ke gabansa. Wanda bai san alamun sanƙarau ba, ba dabarar da za ta tuna masa da su.

4. Matsalar harshe

A Yamai da Maraɗi da Damagaram da Faransanci ake karatun likita, alhali majinyata da yawa da Hausa suke kuka. Ke nan akwai fassara tun kafin awo, kuma ɗalibi yakan yi ta bai san ya yi ba. Ga misalai uku:

(a) "Zazzaɓi": a bakin jama'a yana nufin zafin jiki, yana kuma nufin cutar sauro. In ɗalibi ya rubuta "paludisme" maimakon "fièvre", ya mai da alama cuta. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin magani. Amma ko gwaji ya nuna ƙwayar cutar, bai kore sanƙarau ko ciwon huhu ba.

(b) "Shawara": rawayar ido ce, wadda ciwon hanta ko amosanin jini kan kawo. Suna ɗaya, dalilai da dama.

(c) "Zuciya": tashin zuciya alamar amai ne, ɓacin zuciya baƙin ciki ne. Mai cewa "zuciyata ke ciwo" bai riga ya faɗi gaɓar da ke ciwo ba.

5. Kammalawa

Muna ba da shawara a ƙara mataki ɗaya a farkon tsarin da muka ambata: ɗalibi ya rubuta kukan majinyaci da kalmominsa na Hausa, ya tambaye shi ina ne, tun yaushe, kamar yaya, ya sa ya nuna wurin da hannu, sa'an nan ya fassara. Malami kuma ya riƙa duba fassarar kamar yadda yake duba takardar magani. Aikin da ya hau kanmu, mu masu nazarin harshe, shi ne tattara waɗannan kalmomi da ma'anoninsu daga Adar zuwa Damagaram, tare da likitoci, tun da karin Tawa da na Damagaram ba kullum suke kiran abu da suna ɗaya ba.