Iyaye Mazauna Amurka, Sirrin Ɗakin Likita Yana da Iyaka

'Yan'uwa mazauna Amurka, kafin ku zauna gaban likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara, ku san wannan: yana riƙe sirri, amma idan magana ta taɓa cutar da yaro, doka ta ɗaure shi ya kai rahoto. Ba ya neman izininku, kuma ba sai ya ga hujja ba. Zato mai dalili ya wadatar.

Abin ya samo asali ne a 1962, lokacin da likitan yara Henry Kempe da abokan aikinsa suka bayyana irin karaya da raunukan da suke gani a jikin yaran da aka lakaɗa wa duka a gida. Zuwa 1967 kowace jiha ta yi dokar kai rahoto, a 1974 kuma gwamnatin tarayya ta kafa dokar kare yara daga cutarwa, wato CAPTA. Likita, nas, malamin makaranta, duk wajibin kai rahoton ya hau kansu. A New Jersey da Indiana ma wajibin ya hau kan kowa, har maƙwabci. Ma'aikacin da ya ji ya yi shiru, a yawancin jihohi laifi ya aikata, yana iya rasa lasisinsa.

Inda namu ke faɗawa shi ne horo. Uwa ta ce ranta ya ɓaci ta zane yaro da bulala har ta bar shaida a bayansa. A wurinta tarbiyya ta yi, kamar yadda aka yi mata a Kano ko Zinder. A wurin likita kuwa, shaidar nan ta isa ya buga wa hukumar kare yara waya. Haka barin ƙaramin yaro shi kaɗai a gida, haka kaciyar mata, wadda dokar tarayya ta haramta tun 1996.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda tsoro ke sa iyaye su ja kunnen yara: kada ku faɗa wa kowa komai a makaranta. Wallahi wannan ganganci ne. Yarinyar da wani baƙo ko ɗan'uwa yake lalata da ita, da wannan jan kunnen za a rufe mata baki. Uwar da ke fama da baƙin ciki bayan haihuwa kuma za ta ƙi zuwa asibiti, alhali faɗin cewa ta gaji ko tana kuka ba cutar da yaro ba ne. Rahoto ma ba ya nufin an ƙwace yaro. Bincike ake fara yi, kuma mafi yawan yaran da aka bincika lamarinsu a gidajensu suke zama.

Ku je neman magani. A zaman farko, kafin ku sa hannu a takarda, ku ce likita ya bayyana muku abin da zai riƙe da abin da dole ya kai, domin dokar ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Idan Turanci ya yi nauyi, ku nemi tafinta na asibiti, kada ku sa ɗanku ya fassara. Wanda kuma ya san hannunsa yana wuce gona da iri a kan yaro, ya ajiye bulalar yau, ya faɗa wa likitan gaskiya, ya roƙi a taimake shi.