Babban inji, tsohon bututun mai: abin dubawa kafin a kama hanyar Kontagora

Ma'aikacin da ke tashi daga Abuja ya bi ta Suleja, Minna, Zungeru da Tegina zuwa Kontagora ya san inda ake neman ƙarfin mota: wajen wuce jerin tireloli, a kan hanyar da ba wanda ke son tsayawa a dajinta. Shi ya sa wasu ke cire injin Camry mai silinda huɗu, 2AZ-FE, wanda ƙarfinsa bai wuce na doki 160 ba, su ɗora V6 ɗan Beljiyam, 2GR-FE, mai ƙarfin doki 268. Daga nan sai tambaya ta taso a gareji: bututun man da motar ta zo da shi zai iya ciyar da wannan inji?

Galibi zai iya. Inji irin wannan, idan aka take shi har ƙasa, yana shan kusan lita 80 a awa guda, kuma bututun ƙarfe mai faɗin milimita 8 yana ɗaukar fiye da haka ba tare da wahala ba. Sandar da ke raba wa nozul mai kuwa, tare da injin take zuwa. Wanda aka ce ya sayi sabbi masu ƙyalli, ado ya saya.

Matsalar tana cikin tanki. Tsarin Toyota na buƙatar matsin da ya ɗan haura ba 3, kuma tsohon famfon mai ko matatar da datti ya toshe suna iya riƙe wannan matsi a cikin gari, su gaza a lokacin da aka buɗe wuta. Mai ya ragu, iska ta yi yawa, zafi ya hau kan fistin har ya ƙone shi. Sau da yawa direba ba ya jin komai sai ɗan shaƙewa a kan gudu, ya ɗora laifin a kan fulogi.

Sai kuma tiyon roba, wanda ya fi komai arha kuma ya fi komai haɗari. Na motar kafireta, mai lambar J30R7, ba a yi shi don wannan matsi ba. J30R9 ake nema, kuma lambar a jikin tiyon take. A ido kamarsu ɗaya, a aljihu ne suka bambanta. Zafin Maris da Afrilu na Kontagora yana busar da roba, gurɓataccen mai yana cin ta daga ciki, kamar fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon shekarar 2022. Tiyon da ya tsage kusa da salansa feshin fetur yake yi.

Ma'aunin matsin mai ne ke raba gardama, amma sai an karanta shi injin na jan nauyi. Awon da bakanike ya yi mota na tsaye a gindin bishiya bai nuna abin da zai faru tsakanin Tegina da Kontagora ba.